Farar Shanyar Phoebe

Phoebe mai lambu ce a Romi. Duk wanda ya saba sayen alayyafo ko ganyen ugu a bakin kasuwar unguwar da safe ya san ta: doguwa, mai faffaɗar kafaɗa, ba ta kiran mai saye, ba ta kuma son dogon ciniki. Daga wani ƙauye kusa da Zonkwa ta zo Kaduna tana budurwa, ta zauna wurin gwaggonta a Unguwar Boro, har ta auri Shekari, wanda ke aiki a wani kamfani a Kudenda. Bayan aure ta gwada zaman shago, bai karɓe ta ba. Da ta ga wani fili yana zaune haka kawai a bakin rafin Romi, sai ta nemi mai shi, ya ba ta aro, ta koma noman da ta iya tun tana yarinya.

A wannan lambun ta tsani famfas, wato ƙunzugun jarirai na zamani da ake sawa sau ɗaya a yar. Duk lokacin da aka yi ruwan sama mai ƙarfi, rafin yakan cika ya hau lambun, in ya janye sai ya bar mata sharar unguwa a cikin shuka. Leda da robar ruwa ba su dame ta ba, tsincewa kawai ake yi. Famfas kuwa yakan sha ruwa ya kumbura, in ta ɗaga sai ya fashe, wani abu mai santsi kamar kamu ya zube a kan ganyen da mutane za su ci. Ba ya ruɓewa, in ta tara ta sa wuta ba ya ci da kyau, karnuka kuma su ja shi su kai har gindin tumatir. Shekara da shekaru tana kwashe na 'ya'yan wasu, ita kuwa ba ta da ko ɗaya.

Sun daɗe da aure ba haihuwa. An yi addu'a, an je asibiti, an sha maganganu daga dangi har aka gaji aka yi shiru. Sai ga ciki, lokacin da ita kanta ta fara cire rai.

Cikin ya fito sosai lokacin da ruwan farko ya sauka. Wata safiya ta sunkuya da ƙyar ta ɗauki wani famfas da ruwa ya ajiye a kan alayyafonta, ya fashe mata a hannu. Ta yi amai har jiri ya ɗebe ta, ta zauna a kan dutse. Tana zaune ta tuna yadda mahaifiyarta ta rene su duka da farin ƙyalle, a wanke a shanya a sake ɗaurawa. Kafin ta tashi daga dutsen ta riga ta yanke shawara: abin da ke cikinta nafkin na yadi zai sa.

Da ta gaya wa Shekari, dariya ya yi, yana tsammanin irin rigimar masu ciki ce, za ta wuce. Da ya ga ba wasa take yi ba, sai ransa ya ɓaci. Shi mutum ne mai gudun magana. Ya ce shekarun nan duka ana kallonsu ana tausaya musu, yanzu da Allah ya share musu hawaye, ba ya so a ce ya samu ɗa ya kasa saya masa abin da kowa ke saya. Phoebe ta ce masa wanda zai faɗi haka ya zo ya taya ta kwashe lambu sau ɗaya, sannan ya yi magana.

Ranar Litinin ta hau keke mai ƙafa uku zuwa kasuwar Kakuri. Masu kayan jarirai suka riƙa kallonta kamar ta tambayi wani abin tarihi. Wata ta ce mata an daina wannan tun zamanin kakanni. A can ƙarshen layi ta samu wani tsoho da ya tono mata fil mai makulli da wandon roba daga ƙasan kaya, duk sun yi ƙura. Ta sayi farin yadin auduga mai laushi da tawul, ta kai wa tela ya yanka ya kalmashe bakin. A wurin awon ciki ta tambayi nas ko akwai illa. Nas ɗin ta ce babu, in dai za ta riƙa canzawa da zarar ya jiƙe, ta ɗauraye sabulu sarai, ta shanya a rana. Ta ƙara da cewa aiki ne ba ƙarami ba, ta yi tunani. Phoebe ta ce ta riga ta yi.

Labari ya kai kunnen Vicky, yayar Shekari, ma'aikaciyar gwamnati, wadda ita ce ta riƙe shi bayan rasuwar iyayensu. Ta zo wata Asabar da ƙatuwar ledar famfas a bayan mota, ta tarar da Phoebe tana ninke fararen ƙyallayenta a kan gado. Ta ɗauki ɗaya da yatsu biyu ta duba, ta ajiye.

"Matarmu, me muka yi miki da za ki kunyata mu haka? In tsada kike tsoro, ni zan riƙa saya har yaron ya yi tafiya."

"Anti, na gode. Ba tsada ba ce."

"To mene ne? Ni na ga mamarmu tana wankin irin wannan har hannunta ya tsattsage. Ni ce nake ɗebo mata ruwa daga rafi kafin in tafi makaranta. Na yi alkawari ba macen da za ta sake wannan wahala a gidanmu."

Phoebe ta ga maganar daga zuciya ta fito. Sannan ta ce, "Anti, wahalar ba ta ƙare ba, wuri ta canza. Wadda ta yar ta huta, ni nake kwashewa da hannuna. Na ɗana kam, ni zan wanke abina, ba zan aika wa kowa ba."

Vicky ta ce za a gani, ta bar ledar a bakin ƙofa ta tafi ba ta ko sha ruwa ba.

A coci ma haka aka yi. Al'adar zumuntar mata ce in mace ta kusa haihuwa a haɗa mata kyauta, kuma yanzu kyautar ba ta wuce famfas. Da aka zo kanta, Phoebe ta miƙe a tsakiyar taro da cikinta a gaba, ta yi godiya, ta roƙi a ba ta sabulun wanki da babban baho a maimakonsa. Wurin ya ɗauki gunaguni. Wata ta ce rowa ce, wata ta ce ƙauyanci ne bai sake ta ba. Mama Celina, shugabar zumunta, wadda kuma ita ce mai gidan da su Phoebe ke haya, ta ce a ba ta abin da ta roƙa. Amma a hanyar gida ta ja ta gefe ta gargaɗe ta cewa ba za a mayar mata da tsakar gida wurin shanya tsumman kashi ba, tana da baƙi masu zuwa.

Haihuwar ta zo a watan Agusta, tsakiyar damina, kuma ba ta zo da sauƙi ba. Sai da aka yi mata aiki aka ciro yarinya mace, aka sa mata suna Abigail. A kwanakin asibiti Phoebe ba ta iya ko juyawa, don haka ledar Vicky aka buɗe. Ba ta yi musu ba, ba ta kuma ɓoye ba daga baya. Takan ce ranar da ba ta da hannu ta ari na wasu. Vicky kuwa ta ɗauka magana ta ƙare ke nan.

Ranar da aka sallame su, Phoebe ta sa Shekari ya ɗora sauran famfas ɗin a kan kabad, ta ce ya miƙo mata ƙyallayenta. Ya tsaya yana kallonta. Ya tuna mata cewa likita ya hana ta sunkuyawa da ɗaukar abu mai nauyi, ya tambaye ta wa zai yi wankin.

"In ba ka yi ba, zan ja jiki in yi," in ji ta.

Ya san ta, ya san za ta yi. Shi ya sa ya ɗauki bahon.

Da farko a ɓoye yake wankin, a lungun bayan ɗaki, kafin ya tafi aiki. Amma rijiya a tsakar gida take, jigilar ruwa zuwa lungu ta gajiyar da shi, sai wata rana ya ja kujera ya zauna a bakin rijiyar kowa na gani. Mazan gidan suka sa shi a gaba da tsokana, har labarin ya bi shi Kudenda, abokan aiki suna tambayarsa nawa yake wanke dozin. Ya dawo gida ransa a ɓace, bai ci abinci ba. Washegari kuma ya sake jan kujerarsa. Shi bai taɓa cewa ya yarda da ra'ayin matarsa ba. Abin da yake faɗa kawai shi ne, tunda an riga an yi dariyar, ba ya ganin amfanin dainawa.

Ruwa kuwa ya ƙi ɗaukewa. Sai a wuni ba a ga rana ba. Suka ɗaura igiya a cikin ɗaki daga taga zuwa ƙofa, mutum ba ya wucewa sai ya sunkuya. Phoebe na zaune a bakin gado da dutsen guga na gawayi tana busar da su ɗaya bayan ɗaya, ɗakin duk warin danshi da hayaƙi. Akwai ranar da ta yi kuka, yarinya na tsala ihu, babu busasshe ko ɗaya, ga leda a kan kabad tana kallonta. Ta yaga tsohon zaninta mai laushi ta ɗaura mata.

Ana cikin haka sai ƙuraje suka feso wa Abigail a cinya. Vicky ta zo ta gani, ta ce ga abin da take gudu nan, ta ɗauki yarinyar da uwar a motarta sai asibiti. Nas ta duba, ta tambayi yadda ake wankin, ta ce sabulu ne ba ya fita, a ƙara ɗauraya, a riƙa barin yarinyar ta sha iska. Ta kuma ce in sun ga ba za su iya ba, ba laifi ba ne su koma famfas. A mota Vicky ta riƙe rabin maganar na ƙarshe, Phoebe ta riƙe na farko. Shekari ne ya sha faɗa daga ɓangarorin biyu. Ƙurajen suka baje cikin mako.

Da rana ta fara fitowa a ƙarshen damina, Phoebe ta samu ƙarfi, ta karɓi wankinta, ta fitar da shanya tsakar gida. Mama Celina ta kwance igiyar ta ajiye mata a ƙofa. Phoebe ta sake ɗaurawa. Aka sake kwancewa, wannan karon da saƙon cewa in gidan ya yi mata ƙanƙanta, akwai gidaje da yawa a Romi. Phoebe ba ta mayar da magana ba, don a shekaru Mama Celina ta haife ta. Ta goya 'yarta, ta ɗora bahon a ka, ta tafi lambu. Ta sa aka sare mata gora, ta kafa a gefen da ke kallon hanya, ta ja igiya mai tsawo. Daga ranar duk mai wucewa a keke ko a ƙafa sai ya ga fararen ƙyallaye jere a saman koren ganye, iska na kaɗa su. Abin da aka hana ta nuna wa baƙin gida ɗaya, sai ga shi unguwa duka na gani. Wasu masu sayen ganye suka daina zuwa wurinta, wai ƙazanta. Wasu kuma suka dawo bayan sun gane har yanzu alayyafonta ya fi na kowa.

Ranar da aka kai Abigail coci don miƙa ta ga Ubangiji, an cika, mata sun sha anko, Vicky ce ta ɗinka wa yarinyar doguwar farar riga. Fasto ya karɓe ta ya ɗaga, ya fara addu'a, ya kuma ja ta da tsawo kamar yadda ya saba. Kafin ya kai amin, fitsari ya bi ta gefen wandon roba ya sauka a hannun kwat ɗinsa. Na gaba suka gani, dariya ta fara daga layin 'yan kwaya, mawaƙan cocin, ta bazu. Vicky ta rufe fuska da gyale. Shekari ya kafa ido a ƙasa.

Phoebe ta karɓi 'yarta, ta ce wa fasto ya yi haƙuri, ya ba ta kwat ɗin bayan sujada ta wanke masa, wanki ba baƙonta ba ne. Ba ta fita waje ba. Ta zauna a bencin gaba, ta shimfiɗa zani a cinya, ta zaro busasshen nafkin daga jaka, ta ninke shi a natse, ta ɗaura, ta maƙala fil. Lokacin da aka buga gangar baikon godiya ta gama. Ta saɓa Abigail a kafaɗa, ita ce ta fara shiga fili, tana rawa a hankali saboda ɗinkin cikinta, matan zumunta suka taso ɗaya bayan ɗaya suka bi bayanta.