Jerin Mata Ɗari Uku Babu Asma'u Ko Ɗaya

Da ƙarfe bakwai saura kwata Malam Yusufa yake buɗe ɗakin kwamfuta na makarantar sakandaren da yake koyarwa a Kalgo. Kafin ya kunna komai sai ya ɗauki tsumma ya bi kwamfutoci goma sha huɗun da ke ɗakin yana gogewa, har da guda biyar da suka daɗe da mutuwa, domin a jikinsu yake ciro kayan gyaran masu rai. Daga nan ya zauna ya duba wayarsa. Wani malami a Diggi ya turo cewa firinta ta ƙi fitar da sakamakon aji uku. Wata ma'aikaciyar lafiya a Dodoru ta ce wuta ta ɗauke tana tsakiyar shigar da sunan mara lafiya, tana tsoron komai ya goge. Yakan amsa wa kowa kafin a buga ƙararrawa, kuma da tambaya ɗaya yake farawa: "Me kika danna kafin hakan ta faru? Faɗa mini gaskiya, ba faɗa zan yi ba."

Mutumin Zuru ne. Lissafi aka turo shi ya koyar a Kalgo, da kansa ya koyi rubuta manhajar kwamfuta daga littattafan da yake arowa a Birnin Kebbi. A ƙarshen watan nan zai yi ritaya bayan shekara talatin da biyar yana aiki. Na san za a yi masa ɗan taro a makaranta, a raba lemo, a ce ya koyar da yara da kyau, kuma gaskiya ne. Amma akwai wani aiki nasa da ba ya cikin takardar ɗaukarsa aiki, shi ya sa na zauna rubuta wannan.

Ƙananan asibitoci da makarantu da dama tsakanin Kalgo da Gwandu da manhajarsa suke aiki. A cikin kwamfutar kanta take zaune, ba ta jiran intanet, ba ruwanta da ko akwai sabis ko babu. A bayanta akwai abin da ake kira rumbun bayanai, wato inda sunaye da ranaku da sakamakon gwaji suke taruwa a jere, ta yadda in ka nemi mutum za ka same shi. Ni jami'in adana bayanai ne a wani ƙaramin asibitin al'umma a Gwandu, da ita nake aiki kullum.

Kafin tasa mun ga wasu. An taɓa kawo mana manhaja daga nesa, aka kafa rumfa aka yi jawabai, bayan wata huɗu ta tsaya, lambar wayar waɗanda suka kawo ta kuma ta daina shiga. Gurbin suna a cikinta harafi goma sha biyu yake ɗauka, saboda haka kowace Fatimatuzzahra sai ta koma Fatimatuzzah. Duk inda aka rubuta ƙ ko ɗ ko ɓ, alamar tambaya ke fitowa. Wanda bai san ranar haihuwarsa ba sai a liƙa masa ɗaya ga Janairu, har ya zama rabin tsofaffin garinmu rana ɗaya aka haife su. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda muka karɓi wannan duka. "Haka na'ura take," in ji manya da ƙanana, a ɗaga kafaɗa a wuce. Mun yi karatu, muna da takardu, amma mun yarda na'ura ta yanke wa iyayenmu suna ba mu ce uffan ba.

Malam Yusufa bai yarda ba. Ya faɗaɗa gurbin suna. Ya sa haruffanmu masu lanƙwasa suna shiga suna fita yadda aka rubuta su. Ya yi gurbin da za a ce "kimanin shekara hamsin" ba tare da an ƙirƙiro rana ba. Ya tsara ajiya ta yadda in wuta ta ɗauke a tsakiya, ko dai bayanin ya shiga gaba ɗaya ko kuma bai shiga ba sam, babu rabi da rabi. Ƙananan matsaloli ne, irin waɗanda ba a kafa musu rumfa, kuma ya shafe shekaru yana bin su ɗaya bayan ɗaya.

Sai dai ranar da na fi girmama shi, rana ce da ya yi kuskure.

A daminar shekarar da ta gabata ya ƙara mana sabon shafi na masu awon ciki. Duk matar da ta zo, a shigar da sunanta da garinsu da awon jininta da ranar da za ta dawo. Kowace Laraba manhajar ta fitar da jerin waɗanda ranarsu ta wuce ba su dawo ba, musamman masu hawan jini, a kira su a waya ko a bi su gida. Hawan jini ga mai ciki ba abin wasa ba ne, yana kai wa ga jijjiga, yana ɗauke uwa da ɗa. Wannan jerin shi ne idonmu a kan matan ƙauye. Wadda ba ta cikinsa, ba wanda zai neme ta.

Wata uku muna amfani da shi lafiya, a ganinmu. Ran nan Inna Hajjo, ungozomarmu wadda ta kusa shekara sittin, ta ce in buga mata sunayen duk matan da muka yi wa rajista, tana so ta gani da idonta. Na buga, mata ɗari uku da 'yan kai. Ta sa tabarau ta bi su da yatsa shafi bayan shafi. Da ta kai ƙarshe ta koma farko ta sake bi.

"Muzzammil ɗana, wanga jeri na wane gari na?"

"Namu ne, Inna."

"Namu? Ƙasar Gwandu, mata ɗari uku, babu Asma'u ko guda? Ina Sa'adatu? Ina Rabi'atu? Sun bar aihuwa, ko ƙaura sunka yi ban jiya ba?"

Na yi dariya, sannan na karɓi takardun na duba, dariyar ta tsaya. Babu su. Ni da hannuna na shigar da Asma'u aƙalla goma, kuma kowane lokaci allon ya nuna mini "An ajiye".

Na kira Malam Yusufa yana cikin aji. Ya saurare ni bai katse ni ba, sannan ya ce, "Rubuta Asma'u yanzu, ka ajiye, ka neme ta." Na yi, ba ta fito ba. Ya ce, "Rubuta Asmau, ka cire hamzar." Hamza ita ce 'yar alamar nan ta sama da ke tsakanin a da u. Na cire, na ajiye, sai ga ta ta fito.

"Laifina ne," in ji shi. "Kada ka taɓa komai. Ina zuwa."

Ya nemi izinin shugaban makarantarsu, ya hau mota ya bi ta Birnin Kebbi, kafin azahar yana Gwandu. A tsaye ya yi mana bayani, jakarsa na rataye a kafaɗa. A yaren da manhaja take yi wa rumbun bayanai magana, wannan alamar tana nufin kalma ta ƙare. Idan aka aika Asma'u, rumbun ya karanta Asma, ya ga sauran ba su da ma'ana, sai ya ƙi karɓar bayanin gaba ɗaya. Ya ce tsohon tarko ne, ya san shi, ya toshe shi a sauran shafukan tun shekarun baya, amma wannan shafin cikin gaggawa ya rubuta shi ya bi tsohuwar hanya. Akwai kuma na biyu, wanda ya ce ya fi muni. Da can in kuskure ya faru, jan rubutu na Turanci ke fitowa, ma'aikata su tsorata su kashe kwamfutar. Don ya sauƙaƙa musu sai ya sa manhajar ta haɗiye kuskuren ta yi shiru. Shi ya sa take cewa "An ajiye" alhali ba ta ajiye komai ba.

Shugaban asibitinmu ya ce, "To Malam, abin ai mai sauƙi ne. A gaya wa ma'aikata su daina sa alamar, shi ke nan."

"Ranka ya daɗe, yau za su tuna, gobe sabon ma'aikaci zai manta, wata ta sake ɓacewa. Kuma sunanta ke nan, haka ubanta ya raɗa mata. Manhajar ce ba ta iya ba, ita zan gyara."

Gyaran bai kai awa ɗaya ba. Ya raba suna da umarni, kowanne ya tafi ta hanyarsa, ta yadda ko me ke cikin suna, rumbun zai karɓe shi a matsayin suna. Ya cire shirun, ya sa saƙo da Hausa cikin manyan haruffa: BA A AJIYE BA, KIRA MAI KULA. Ya gwada da Asma'u, da Shu'aibu, da 'Yar Buga, da duk sunan da Inna Hajjo ta jefo masa tana tsaye a kansa.

Saura matan da suka ɓace. A nan dole in faɗi nawa laifin: ni ne na yi ta matsa wa Inna Hajjo ta daina rubutu a babban littafinta na rajista, ina cewa aiki biyu ne. Ba ta daina ba, Allah ya saka mata. Ta ɗauko littafin ta dire a gabana, kallon da ta yi mini ya isa. Tana karantowa, ina shigarwa, Malam yana duba kowace ta zauna a rumbun. Mata arba'in da ɗaya. Da muka gama ya danna jerin Laraba, sai sunaye uku suka fito da ja, masu hawan jini da ranar dawowarsu ta wuce. Biyu muka same su a waya, suka ce gobe suna tafe. Ta ukun ita ce Halimatusa'adiya Hassan daga ƙauyen Malisa, cikin wata takwas, ta wuce ranarta da kwana goma sha shida, wayar mijinta a kashe.

Inna Hajjo ta ɗauki na'urar awon jini ta ce a kira mata mai babur. Na ce ko a bari sai da safe, hadari ya haɗo. Ta ce, "Kai ka tsaya ka jira sahiya." Malam Yusufa ya zauna a kan benci a baranda, ya ƙi shan ruwan da aka kawo masa, ya ce ba zai koma Kalgo ba sai ya ji labari.

Bayan la'asar Inna Hajjo ta kira daga Malisa. Ta tarar da Halimatusa'adiya a kwance, ƙafafu da fuska sun kumbura, kwana uku tana ciwon kai tana ganin hazo-hazo, mutanen gida suna cewa nauyin ciki ne. Awon jinin ya yi sama ƙwarai. A ranar aka wuce da ita babban asibiti a Birnin Kebbi, aka yi mata aiki aka ciro 'ya mace. Likitan da ya karɓe ta ya gaya wa Inna Hajjo cewa da an ƙara kwana biyu, da wata magana ake yi. Uwar da 'yar suna nan lafiya. Watan jiya ta kawo yarinyar rigakafi, tana ta ƙoƙarin fizge mini biro.

Wani zai ce to ai kuskurensa ne ya jawo, mene ne abin jinjina? Ga shi. Washegari Malam Yusufa bai tura saƙo a ɓoye ya ce a sabunta manhaja ba. Ya ɗauki kwana uku yana bin duk asibitin da ke amfani da shafin, Dodoru, Diggi, cikin Kalgo, yana shiga yana cewa, "Na yi kuskure, wasu mata sun ɓace daga jerinku, ku kawo littafi mu nemo su." Ma'aikaciyar Dodoru ta gaya mini har kunya ta ji, dattijo mai furfura yana ba ta haƙuri a gaban marasa lafiya. Na yi aiki da mutane masu digiri biyu da uku, ban taɓa jin ɗayansu ya furta wannan jimlar ba. Mu a wurinmu in abu ya lalace, laifin wuta ne, ko laifin na'ura, ko laifin wanda aka canza wa wurin aiki bara.

Malam, kai ne ka koya mini cewa layi ɗaya a cikin rumbun bayanai mutum ne mai ciwon kai da kumburin ƙafa. Kai ne ka zo daga Zuru ka tsaya wa sunayen matan Gwandu lokacin da mu 'ya'yansu muka yarda a datse su. Na Kalgo, mai gyaran da ba a gani. Halimatusa'adiya ba ta san fuskarka ba. Da na ba ta labari ta ce, "Wanga bawan Allah, a ce mishi na gode, Allah shi jiƙan mahaifa nai." Na isar da saƙon. Ni ma na gode, Inna Hajjo ta gode, kuma Allah ya ba ka lafiyar cin hutunka.

Ya ce ko ya yi ritaya wayarsa a buɗe take. Wannan alherinsa ne, amma mu abin kunya ne a ce yanki guda yana rataye a wayar dattijo ɗaya. Ya rubuta bayanin kowane sashe na manhajar dalla-dalla, ya ce duk mai so ya zo ya koya, ƙofarsa a Kalgo ba a rufe take ba. Ina matasanmu da suka karanta kimiyyar kwamfuta a jami'o'in Aliero da Sakkwato, suke zaune suna jiran aikin ofis mai sanyi? Ga aiki nan a ƙofar gidanku. Ni na fara zuwa wurinsa kowace Asabar, benci kuma da sauran wuri.

Ku kuma da kuke zaune gaban kwamfuta a asibiti ko makaranta, ina roƙonku abu ɗaya gobe da safe. Ku rubuta cikakken sunan mahaifiyarku yadda yake, da hamzarsa da lanƙwasarsa, ku ajiye, ku rufe, ku buɗe, ku neme ta. Idan ba ta fito ba, ku tashi ku ɗauko littafin rajista a take, domin akwai wata a ƙauye da ranarta ta wuce kuma ba wanda ya sani.