Fuskar Batula

Duk Sabon Garin Maraɗi da wuya ka sami wanda bai taɓa zama a kujerar Filibus mai hoto ba. Amare, 'yan lakwal da littattafansu, sojan da aka ƙara wa girma, har wani mahauci da ya zo da ragonsa ya ce sai an ɗauke su tare. Mutum ɗaya ce tak ba ta zauna ba, matarsa Batula, 'yar Tsibiri. Kuma ba ƙi ta yi ba. Duk Kirsimeti sai ta ci ado ta leƙo shago ta ce, "Maigida, yau fa?" Shi kuma ya ce, "Ke da kike gida kullum? Bari in sallami mutane." To, mutane dai ba su ƙare ba.

Shekarar babban farin nan, zamanin soja, kowa na kuka amma Filibus ciniki ya buɗe masa. Jandarmomi sun tsare hanya, ba katin shaida ba wucewa, kati kuwa sai da hoto. Masu ɗan hali kuma su nemi a saki labulen da abokinsa Gado ya zana masa, gonar gero kore shar da tafki cike taf. Sai ka ga mutum ƙashi da fata ya tsaya gaban geron fenti yana murmushi, wai za a aika wa 'yan'uwa a Abijan kada hankalinsu ya tashi. Gadon nan ɗan Jiratawa ne, ya bar ginin tukwane na gidansu ya koma zana zaki da ɗawisu a jikin kamiyo, manyan motocin kaya. Kullum bayan ya yi la'asar yana bencin shagon yana shan shayi, suna musun da ba ya ƙarewa.

Da bazara sanƙarau ya shigo gari, ya ɗauki Batula.

Filibus ya yi kuka, ya yi haƙuri, ya koma aiki. Sai wata Lahadi a majami'a, ana cikin waƙa, ya nemi fuskarta a ransa ya rasa. Muryarta na nan, har ɗan tarin da take yi in hayaƙi ya shige ta. Fuskar ce ta dushe kamar hoton da ya sha rana. Tsoro ya kama shi. Ya ruga shago ya zazzage akwatuna, ga rabin Maraɗi a ƙasa, har ragon mahauci, babu Batula.

Ya sami Gado a tashar mota, ya roƙe shi ya zana masa Batula. Gado ya ce, "Haba Filibus, ni da mutum? Zaki nake yi, da jirgin sama." Da ya ga idon abokinsa ya cika, sai ya jawo katako ya ce, "To, faɗi yadda take."

Filibus ya gyara murya. Doguwa ce, in ji shi, idanu dara-dara, hanci har baka, fata sumul. Gado ya bi shi tiryan-tiryan. Da aka gama sai ga wata mata irin ta kwalin sabulu.

"Wagga ba ita ba ce!"

"Abin da ka faɗi ke nan."

"To ni ban san wagga ba."

Gado ya daɗe yana goge buroshi a wando. Can ya ce, "Tafi. Ka dawo ranar kasuwa."

Ranar kasuwa Filibus ya dawo, Gado ya juyo katakon. Wayyo! Batula ce. Ba doguwa ba, gajeriya ce abinta. Kallabi ya karkace hagu yadda kullum yake karkacewa, ido ɗaya ya ɗan kanne don dariya na tafe, yatsu biyu riƙe da kunne kamar yadda take yi in tana sauraro. Filibus ya zauna a ƙasa, cikin fenti da ƙura, ya yi ta kallo. Sai ya lura da wani ɗan tabo a gefen gira.

"Wanga tabo fa?"

"Guga ne ya buge ta a rijiyar Tsibiri, tana budurwa."

"Lokacin ai ban san ta ba."

"Ni na san ta."

Nan Filibus ya tuna wanda ya fara nuna masa ita. Gado ne ya ce akwai wata yarinya 'yar addininku a Tsibiri, ya kai shi a keke har ƙofar gidansu, ya tsaya waje yana jira. Shi ne kuma abokin ango. Haushi ya taso masa, kunya ta danne haushin.

"Shekarun nan duka, Gado, ba ka ce komai ba?"

"In ce mi? Kai tana gidanka, mi zai sa ka dube ta? Ni kallon kaɗai gare ni."

Filibus ya ɗauki katakon ya tafi ko sallama babu. Ya kai shi ɗakin kwana, katakon ya kwana biyu a can. Sannan ya fito da shi ya buga ƙusa a bangon shago, daidai inda mai zama a benci zai gani ba sai ya waiwaya ba. Da la'asar Gado ya zo, aka zuba masa shayi, suka ɗauko musunsu daga inda suka ajiye shi. Ba su sake tayar da zancen ba har tsufa.

Masu zuwa hoto sukan nuna bango su ce, "Malam Filibus, kai ka yi wannan?"

Yakan sa ido a na'ura tukuna. "A'a," yakan ce. "Wanda ya kalle ta ne ya yi. Ɗaga haɓa."