Ruwan da Baba Ya Buɗe

Lokacin da aka yi wa ƙanwata aikin zuciya a Khartum, ni da Baba muka yi jinyarta. Mun baro gonar audugarmu kusa da Hasahisa ana tsakiyar ban ruwa.

An gama aiki lafiya, amma leɓɓanta suka yi shuɗi. Likita ya ce jijiyoyin jinin huhunta ne suka tsuke, zuciya na turawa, hanya ta ƙi. Ya ɗaura mata ruwa da maganin da zai saki jijiyoyin. Don Baba ya gane, sai ya ce, "Ya Haj, kamar tur'a, hanyar ruwan gonarka, ce ta toshe."

Da ma bai faɗi haka ba. Baba ya tsufa yana rigima da masu rabon ruwa, a saninsa duk mai ba ka ruwa ɗigo-ɗigo rowa yake yi. Na fita alwalar azahar, na dawo na tarar kwalbar na zuba kamar famfo. Ashe Baba ya kwance maƙullin robar ƙarin ruwan.

Jikin ƙanwata ya yi sanyi ƙalau, gumi ya jiƙa matashi. Sista ta rugo ta matse robar, ta ɗaga ƙafafun yarinyar, tana ta awon jini, ba ta kallon kowa.

"Baba, kashe ta za ka yi?" Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar.

"Ruwa na buɗe mata," ya ce a hankali.

Sai la'asar jininta da ya faɗi ya dawo daidai. Ta rayu. Amma har Baba ya rasu bai sake buɗe wa gonarmu ruwa da hannunsa ba, ƙanensa ne ke buɗewa.