Tsohuwar Gadon Bakin Taga

Duk zuwan Sumire duba mahaifiyarta a gidan tsofaffi na garin Akita, idonta na kan wata tsohuwa a bakin taga, wadda dashen shinkafa ya tanƙware wa baya. Ciwon tsohuwar ya gagari magani, sai dai a rage mata raɗaɗi.

Ga ma'aikaciyar jinya da allura. "Kaka, ina ke ciwo yau?"

"Garau nake, 'yar nan. Kai wa mabuƙata."

Da gani, ba ta taɓa cin abinci kafin kowa ya ƙoshi ba.

Ma'aikaciyar na fita, tsohuwar ta cusa tawul a baki ta cije, gumi na keto mata. Suka haɗa ido da Sumire. Ta zare tawul ɗin, ta sunkuyar da kai.

"Ku yi haƙuri, na dame ku."