Tulin Duwatsun Ouma Fytjie

Fytjie Bok ba ta da tsayi, ba ta da haƙoran gaba, haƙuri kuwa ko na magani babu. Shekara ashirin da shida tana sharar lambun shaƙatawa na bakin kogin Gariep, kowa Ouma yake ce mata, wato Kaka, har waɗanda suka girme ta.

A nan aka yanke mata cibi, tun wurin bai zama lambu ba, tun bukkokin tabarma na mutanenta, 'yan ƙabilar Nama, suna jere a bakin ruwa. A mashigar kogin akwai tulin duwatsu. Duk mai wucewa zai ɗora guda ya gai da magabata, kuma ba a ɗauka. Tana 'yar shekara tara motocin gwamnati suka kwashe su zuwa bayan gari, aka baje tulin, aka gina murhun gasa nama da duwatsun. Abin nan bai taɓa barin ranta ba. Aikin sharar ma don ta riƙa shiga ta neme shi, kullum da dutse ɗaya a aljihun riga. A hankali tulin ya sake tashi har ya kai mata ƙirji.

Sai aka kawo sabon manaja, Jantjies, matashi mai ƙyallin takalmi, jikan wata ƙawar mahaifiyarta ma. Ya zo da albishir, wai za a kafa allon tunawa da mutanen farko, daidai inda tarkacen nan yake.

"Wane tarkace?" in ji ta.

"Haba Ouma, duwatsun nan mana. Don ku fa ake yi. Ranar buɗewa ma ke za mu sa wa kayan fata na gargajiya a ɗau hoto."

"Kai ka sa. Ai kakarka ma ta ɗora dutse a nan, tana goye da ubanka yana mata fitsari a baya."

Ma'aikata suka kwashe da dariya, shi kuwa ya sha toka. Ya ce ta zaɓa, ko ta sa hannu a kwashe, ko ta ajiye tsintsiya. Ta jingina tsintsiyar a jikin motarsa, ta haye tulin ta zauna. Sai da maza biyu suka ɗauke ta cak, tana ta zaginsu da sunayen iyayensu. Da idonta ta ga an loda shekara ashirin da shida a bayan tarakta. Ranar ta yi kuka, ba ta kuma ɓoye ba.

Mako uku ta yi tana bin unguwa gida-gida, ba ta roƙo, gori kawai take yi. Ranar buɗewa, ana cikin jawabi, ga ta nan a gaba da rigar coci, tsofaffi da matan unguwa na biye. Ta ajiye dutsenta a gindin allon. Na baya ya ajiye, na bayansa ma haka. Kafin a gama tafi, layin ƙasa na rubutun allon ya ɓace a bayan duwatsu.

Jantjies ya matso, murya ƙasa-ƙasa. "Ouma, kin san gobe sai na sa an kwashe."

"Kwashe, ɗan nan. Ka kore ni, yanzu ba ni da wani aiki sai wannan. Ƙarfe nawa kuke buɗe ƙofa?"