Faifan eriya da kwarin hanyar Janbako

Ni mai gyaran rediyo ne. Gidanmu a Talata Mafara gidan fawa ne tun kakanni, amma ni ƙarnin jini tayar mani da zuciya yake yi, shi ya sa tun ina yaro na gudu rumfar wani mai gyara na koyi aikin dalma. Boko aji huɗu na yi. Yayana shi ya gaji babanmu, har ya wuce shi, don bai tsaya ga yanka ba. Shanu yake saye a kasuwannin ƙauye yana kawowa kara, kasuwar dabbobi.

Da mutanen daji sunka fara tare hanyar Janbako, fataken shanu da yawa sunka daina zuwa. Yayana bai daina ba, bakuna goma sha ke jiransa a gida. Akwai wani kwari a kan hanyar, inda dole mota ta rage gudu ta gangara cikin rairayi, itatuwa sun rufe gefe da gefe. Nan anka fi tare mutane.

Wani mai hoton biki kusa da rumfata ya tashi zai bar gari, ya sayar wa yayana ɗan jirgin nan maras matuƙi da yake ɗaukar taro da shi daga sama. Duron suke ce mashi. Yayana ya dire shi kan teburina, cikin tsofaffin rediyoyi.

"Kai ka san wayoyi," ya ce. "Ranar kasuwa ka riƙa tashe shi shina duba muna kwarin kafin mu taso."

"Yaya, ban taɓa tuƙa ko amalanke ba."

"To ka hwara da jirgi. Ka ga ka tsallake aji."

Na koya a filin ƙwallo, bayan na kai shi cikin darbejiya sau biyu. Amma ba ya nisa. Rimot ɗin da eriya biyu ya zo, 'yan sanduna kamar yatsun hannu. Jirgin na ɗan yin gaba, hoton da yake turowa fuskar wayata sai ya fara tsinkewa, ya daskare. In ina son ganin kwarin sai na matsa inda waɗanda ke ciki za su riga ni gani.

Na aika Kano anka kawo mani eriyar da ake kira faifai, shafaffiya, faɗinta kamar murfin kwano. Na kwance rimot da ƙaramin sukudireba. A ciki wayoyin tsohuwar eriya siriri ne kamar gashin wutsiyar sa, kowace da ɗan maɓalli da ke manne a jikin allo. Da tsinken sakace na ɓalle su, don ƙarfe na iya kankare allon. Na huda bayan rimot da ƙusa mai zafi, na zura sababbin wayoyi, na ɗaure faifan da noti. Abu guda na kiyaye tun zamanin da nake gyaran rediyon 'yan sintiri: ba a kunna na'ura mai aika saƙo ba eriya a jikinta, ƙonewa take yi. Sai da na duba ɗaurin sau uku na kunna.

A gonakin shinkafar Bakura na gwada, inda ƙasa ke shimfiɗe ba tudu ba gini. Jirgin ya tafi har na daina jin kukansa, har ya ɓace wa idona, hoto na nan tar. Ina ganin mata na sheƙa a wani masussuki da ban san sunan ƙauyensu ba. A nan kuma na gane halin faifan. Tsohuwar eriya kamar fitilar ƙwai take, ko'ina tana haskawa kaɗan-kaɗan. Wagga tocila ce. Inda ka nuna ta nan take kaiwa, ka kauda ta ko kaɗan jirgi ya daina jin ka. In ya daina ji, sai ya tsaya jim a sama, ya juyo da kansa inda ya tashi.

Kasuwa biyar munka yi haka. In hau babur in tsaya kan wani tudu a bakin wani ƙauye, in tashi jirgi, in duba kwarin ciki da waje, in kira yayana a Janbako in ce su taso. Sau ɗaya na ga babura a ƙarƙashin itace, yayana da mutanensa sunka kwana Janbako da shanun. Daga ranar mahauta sunka fara ce mani direban sama. Na ji daɗin sunan, ba zan ɓoye ba.

Kasuwa ta shida, bayan azahar, ina kan tudun. Batir ɗaya gare ni mai kyau, ɗayan ya kumbura na ajiye shi. Na tashi jirgi, na riƙe rimot a ƙirji, faifai na kallon gabas. Ya wuce gonakin gero, ya wuce wata rijiya, bakin kwarin ya fara shigowa cikin hoto. Sai na ji babur ya tsaya bayana, anka yi sallama.

Kawunmu ne, ƙanen mahaifiyarmu, malamin da ya koya mani alif da ba. Ta'aziyya ya zo ƙauyen, ya hange ni, ya sa anka tsaya. A duk rayuwata ban taɓa gaishe shi a tsaye ba, balle in ba shi baya. Ban yi shawara da kaina ba. Ƙafata ce ta tuɓe takalmi, jikina ya juya ya durƙusa. Ya miƙo hannu, hannun malam kuwa da hannu biyu ake karɓarsa. Na ajiye rimot a ƙasa.

"Allah gafarta Malam, an wuni lahiya?"

"Lahiya lau. Ina gajiya? Ina iyali? Ina maras lahiyar nan taku, ta samu sauƙi? Ina yayanka, shina nan da ƙoƙari?"

Yana tambaya ina amsawa, bai saki hannuna ba. Ya tambayi 'ya'yana ɗaya bayan ɗaya. Ya dubi rimot a ƙasa ya ce, "Wanga shi na abin da anka ce kana leƙen duniya da shi? To Allah shi sa a leƙo alheri." Ya ɗaga hannu ya yi addu'a mai tsawo, ta tsari daga sharrin hanya, na shafa. Ina iya cewa, Malam dakata mani minti biyu. Ba zai yi fushi ba, mutum ne mai sauƙi. Bakina ne bai san yadda ake faɗin haka ba.

Da babur ɗinsa ya tashi na ɗauki rimot. Fuskar waya ta yi toka. Ban gama juyawa ba na ji kukan jirgin a kaina, ya dawo yana sauka, alamar batir ta yi ja. Ƙauyen ba wuta, ko da akwai, caji sai ya ci fiye da awa.

Waya ta yi ƙara. Yayana ne, ina jin kukan shanu bayansa.

"Kai, mi ya tsaishe ka? Dabbobi na tsaye cikin rana tun ɗazu, guda ta hwara kumfa. Ka duba?"

"Na duba har bakin kwari."

"Ba bakin na tambaye ka ba. Ciki?"

Na tuna sati huɗu cikin biyar ba kowa. Na tuna in na ce ban gani ba, sai na faɗi dalili, gobe duk kara a ji direban sama ya ajiye jirgi ya tsaya gaisuwa.

"Ba kowa," na ce. "Ku taso."

Na zauna kan tudun ina jiran ƙurar motarsu. Anka kira la'asar ba ta ɓullo ba. Wani mai babur ne ya fito daga wajen kwarin a guje, ba hula, yana ɗaga wa mutane hannu su koma.

Direban motar a nan anka bar gawarsa cikin rairayi. Shanun anka kora. Yayana mutanen daji sunka tafi da shi, sai bayan an yanke gero ya dawo. Abin da gidanmu ya rabu da shi kafin a sako shi ba zan rubuta ba. Ya dawo ƙafafunsa sun ruɓe wurin sarƙa, har yau ba ya taka ta hagu.

Masu zuwa jaje kan dube ni, shi kuma ya riga su magana. "Ƙarƙashin itace sunka ɓoye," yake cewa. "Jirgi ba shi ganin ƙarƙashin itace." Haka ya faɗa wa kawunmu ma, malam ya ce ƙaddara ce, ya dafa kaina.

Wata safiya ina wanke mashi ƙafa da ruwan gishiri a zaure, mu biyu kaɗai, ya yi magana yana kallon bango.

"A fili suke, tsakiyar rairayi. Babura tara, an jera. Tun hantsi suna nan, har shayi sunka dahwa." Ya ja numfashi don ruwan ya taɓa ciwon. "Sun ga jirginka. Sun ce ya zo bakin kwari ya tsaya, kamar mai shawara, ya juya. Kwana uku suna yi mani dariya da shi."

Hannuna na cikin kwano. Na buɗe baki.

"Yaya..."

"A'a," ya ce. "Ban tambaye ka ba. Gama wanga, ka kama ni in juya, gefen nan ya mutu."

Na gama, na kama shi ta hammata na juya shi. Ba shi da nauyi ko kaɗan.