Saniyar da Ta Ƙi Hannun Hammajoda

Hammajoda bai taso da niyyar tuƙa keke ba. A ruga aka haife shi, kuma har furfura ta fara fito masa bai san wata sana'a da ta wuce kiwo ba. Wata rana da hantsi wasu mutane masu bindigogi suka rutsa shi a mashaya, suka ɗaure shi a jikin bishiya da igiyar shanunsa, suka kora garken gaba ɗaya yana kallo. Ya yi ta yawon kai ƙara daga wannan ofis zuwa wancan, duk inda ya shiga sai a ce masa ya yi haƙuri. Ko ɗan maraƙi ba a dawo masa da shi ba. Daga ƙarshe ya kwaso matarsa da 'yarsu Khairat suka koma birni, suka kama haya a unguwar Wunti, wani ɗan'uwansa ya ba shi keke mai ƙafa uku, ya shiga jigilar mutane da kaya tsakanin Kasuwar Muda Lawal da Miri.

Mutumin da a da ba a jin muryarsa sai in yana kiran shanu, sai ga shi ya zama abin tsoro a titi. Ɗan acaɓa ya gifta masa, zagi. Fasinja ya yi nawa wajen sauka, faɗa. A gida ma idan aka ji ƙarar kekensa kowa sai ya nemi abin yi. Wuyansa ya sandare, kansa ba ya rabuwa da ciwo, hannuwansa suna rawa idan ya ɗaga kofin shayi. A asibiti aka ce jininsa ya hau, aka ba shi magani, yana sha. Jinin ya ɗan sauka, fushin yana nan inda yake.

Khairat tana aiki a wani shagon sayar da wayoyi. Ita ce ta kawo masa agogon hannu mai auna bugun zuciya, da wani ɗan injin tausa da ake gogawa a wuya. Ta ɗaura masa agogon da kanta, ta ce idan zuciyarsa ta fara gudu zai yi ƙara, sai ya tsaya a gefen hanya ya huta. Ya karɓa ne kawai don kada ya karya mata gwiwa.

Injin tausar bai yi wata rana ba, domin kullum sai an yi masa caji, wuta kuwa ba ta zama. Agogon kuma ba ya kuka sai Hammajoda ya riga ya fusata, a lokacin kukan nasa bai da bambanci da wani mutum da ya zo yana ce masa ya yi haƙuri. Ran nan a cunkoson Wunti ya shaƙe wuyan rigar wani ɗan acaɓa da ya goge masa madubi, agogon ya kama tsuwa, mutanen da suka taru suka fashe da dariya. Ya saki yaron, ya fizge agogon ya maka shi da kwalta, ya bi ta kansa da taya.

Da Khairat ta ga hannunsa wayam ba ta yi kuka ba. Ta ajiye masa abinci ta ce, "Baffa, ba agogon ne ya kora maka shanu ba. Ba ni ba ce kuma, ba Inna ba ce. Amma mu ne muke shan hukuncin." Ta fita. Kwanaki suka wuce gaisuwa kaɗai ke haɗa su.

Cikin kwanakin nan ne ya kai wa Obadiya buhunan taki. Obadiya manomi ne a Miri, ya daɗe yana ɗaukar shatar kekensa. Yana da saniya guda da wayar ƙarfe ta naɗe wa ƙafa har ta ci nama, kowa ya matsa sai ta kai harbi. Ya roƙi Hammajoda ya duba ta, tunda aikinsa ne na gado.

Hammajoda ya nufe ta yana yi mata irin kiran da yake yi wa nasa. Saniyar ta ja da baya, ta huro hanci, ta sunkuyar da ƙaho. Ya sake matsawa, ta nemi tsinke igiya. Tunda yake, saniya ba ta taɓa gudunsa ba. Ransa ya ɓaci, ya fara waige yana neman sanda.

Obadiya ya ce, "Malam Hammajoda, ni ma da nake mutum tsoronka nake ji yanzu. Dubi hannunka."

Ya duba. Hannun a dunƙule yake, farce ya nutse cikin tafi, kuma bai san lokacin da ya dunƙule shi ba. Sai ya lura haƙoransa a cije suke, kafaɗunsa sun hau har kusa da kunne, cikinsa ya yi tauri, numfashinsa ba ya wuce maƙogwaro. Tun yana yaro ya san dabba jikin mutum take fara saurara kafin muryarsa. Abin da bai sani ba shi ne tun yaushe nasa jikin yake haka.

Ya cire takalmi ya tsaya, yana jin ɗumin ƙasa a tafin ƙafarsa. Ya buɗe yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, ya saki muƙamuƙi, ya bar iska ta fita a hankali har ta ƙare. Ya daɗe a haka. Saniyar ta miƙo wuya ta shinshina rigarsa. Ya durƙusa ya warware wayar, ya wanke ciwon da ruwan gishiri, sannan ya zauna a gindin turke hawaye na zubo masa, Obadiya ya yi kamar yana gyaran shinge.

Daga ranar ya fara bibiyar hanyar da fushi ke bi a jikinsa. Ya gano harshensa ne ke fara mannewa a dasashi, sai muƙamuƙi, sai hannu. Idan ya tare shi tun a harshe, ba ya kaiwa hannu. Ba kullum yake tarewa ba. Wajen alwala yakan tsaya ya ji sanyin ruwan a wuyan hannunsa da bayan kunnensa maimakon ya yi ta gaggawa. Khairat ce ta fara lura cewa shayi ya daina zuba masa a riga, ta koma zama kusa da shi idan yana cin abinci.

Fushin kansa bai tafi ba, shi ma bai ce yana so ya tafi ba. Yakan ce abin da aka yi masa zalunci ne, kuma ba zai daina kiransa da sunansa ba. Kwanan baya ya ɗauko wani mai babbar riga daga Muda Lawal, mutumin yana waya yana cewa ai makiyaya duk ɓarayi ne, gara a kore su. Hammajoda ya ji harshensa ya manne. Ya gangara gefen hanya, ya kashe keken, ya ɗora tafukansa a buɗe a kan cinya har numfashinsa ya sauka ciki. Sannan ya juyo.

"Alhaji, ni makiyayi ne. Ɓarayi sun kwashe mini komai ina ɗaure a bishiya. Sauka ka nemi wani keken."

Mutumin ya sauka yana ƙunƙuni. Hammajoda ya tayar da keke, ya ɗauki wata tsohuwa mai kwandon tattasai da ke tsaye a rana, ya kai ta har ƙofar gida.